Rasuwar Ƙofar Kabuga ta Nima

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farce mai cike da laka, ni Sumaila kafinta nake sanar da jama'ar Zango rasuwar ƙaramar Ƙofar Kabuga, wadda ta cika ranar Juma'a bayan la'asar, cikin watan Yunin 1961, a kan tebur a tsakar gidanmu da ke unguwar Nima. Ta rasu tana da wata bakwai a duniya, tsayinta kamu biyu.

Ga asalin marigayiyar. Mahaifina, Baba Awudu, ya bar Kano ta Ƙofar Kabuga tare da fataken goro shekara arba'in da suka wuce, bai sake komawa ba. Yanzu ido ya tafi, ƙafa ta bi shi. Bara ya ce mini ba abin da yake roƙo sai ya sake ɗora hannu a ƙofar nan kafin ya kwanta dama. Ni kuwa ban taɓa wuce Kumasi ba. Na ce ya faɗi kamanninta da baki, ni in bi da hannu, in gina masa ƙaramarta.

Tubalinta ɗaya-ɗaya na murza, kowanne kamar ƙwallon dabino. Na yi rufi da tsinken tsintsiya, na shafe ta da makubar da aka aiko mini daga Tamale, na zizara mata farar ƙasa da shuɗin wanki a goshi. Ƙyaurenta na gwangwanin madara ne, in an tura shi sai ya ce ƙiii. Wannan kuka ne ke hana ni sukuni yau.

Marigayiya ba ta taɓa musu da babba ba, kuma abin da ya yi ajalinta ke nan. Duk Juma'a in an sauko masallaci dattawa sukan biyo. Malam Mutala na unguwar Maamobi ya ce zanko huɗu ne a kanta. Wani ya rantse shida ne, wani ya ce bakin ya yi faɗi. Ba a ce wa babba ya manta, sai in jiƙa laka, in rushe, in sake. Baba ya shafa, ya janye hannu, ya ce da saura. Sau goma sha tara aka jiƙa baiwar Allah nan. Na rasa zaune na rasa tsaye, na bar kujerun mutane a shago ba ƙafa, ina tsoron Baba ya riga ta tafiya.

Matata Fusena ta ce, "Sumaila, ƙofan nan ba shi bushewa, kai ma ba ka zama. Sa mishi siminti mu huta." Na ƙi.

Ina cikin ɗora zanko na shida, ƙyauren ya yi ƙiii shi kaɗai, bangon hagu ya zauna, rufi ya bi shi. Ta bar ƙyaure guda, da zanko biyu, da buroshin gashin akuya, da ni.

An shirya kai ta bakin babbar kwatar Nima. Na kamo hannun Baba ya yi bankwana, na san na gaza. Ya shafa tarin ƙasar, ya bi bangon da ya zube da yatsa, ya tsaya a giɓin. Ya daɗe a nan, hawaye na bin gemunsa.

Ya ce, "Yauwa. Haka na baro ta. Ta wannan giɓi muka fitar da jakuna."

Ashe shekara arba'in yana yabon Kano a Zango, kunya ta hana shi faɗar cewa ƙofar a zube ya bar ta.

Saboda haka an fasa jana'iza. Gawa tana nan a ƙofar ɗakin Baba, inda hannunsa ke kaiwa daga tabarma. Za a karɓi gaisuwa ranar Juma'a bayan masallaci. Mai addu'a ya shigo da ita, wanda ya zo da gyara kuwa ya ajiye shi a waje tare da takalminsa.