Injin da Ke Sansano Ɓatattu

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗauki baƙar leda na tafi unguwar Jiddari Polo ba. Na kwana a daji, na sha ruwan kududdufi, na binne mutane da hannuna, duk ban sunkuyar da kai ba. Ranar nan kuwa da ƙasa ta tsage da na shige.

Faci nake yi a Bulumkutu, bakin titi. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Daga wani ƙauye na bakin tafkin Chadi muka gudo lokacin tashin hankali. Ni na iso Maiduguri, ƙanena Modu bai iso ba. Ba gawa, ba labari. Rigarsa ɗaya ce ta biyo ni cikin ƙullin kaya.

Ina da ƙaramar rediyo da nake ratayewa a jikin injin iska. Wata rana bayan la'asar na kunna, sai na ji wata mata tana bayani a natse, irin muryar masu labaran duniya. Wai akwai wani inji a nan garin, ana kai masa tufafin wanda ya ɓata, ya sansana, sai gilashi ya nuna inda mutumin yake. Ta ambaci Gamboru, ta ambaci Hausari, har ta faɗi yadda wani tsoho ya ga 'yarsa tana tallar nono a wani gari. Na ajiye tayar da ke hannuna. Kullum daga nan sai na kama shirin, kuma kullum daga tsakiya, don ni ba na kunna rediyo sai na idar da salla na sallami masu jira. (Da sau ɗaya na ji farkonsa, da ban ba ku wannan labari ba.) Ana nan aka sanar cewa Malama Yagana, mai wannan aiki, za ta gana da jama'a ranar Asabar a wani zaure a Jiddari Polo, kowa ya zo.

Da ni kaɗai na yi wautata da sauƙi. Sai na je na gaya wa Ya Fanna, tsohuwar da ke sayar da turaren wuta a layinmu. Ita ma ɗanta Bukar ya ɓata. Ta shiga ɗaki ta fito da hularsa, wadda ba ta taɓa bari an wanke ba.

"Kada ka bari kowa ya taɓa," in ji ta. "Warinsa zai gauraya."

"Ya Fanna, ki sa ruwa a wuta, Bukar na hanya," na ce. Ni da ba na alkawari.

Zauren cike yake da 'yan makaranta. Wani saurayi mai tabarau ya riƙe abin magana yana zayyana tarihin Malama. Wai a waya ta fara rubutu, masu buga littafi suka yi ta korarta saboda babu soyayya a ciki. Wai aikinta na farko a kan matan da suka yi hijira zuwa wani tauraro ne, na biyu a kan birnin da ke ƙarƙashin tafkin Chadi. Ni da na girma ina jefa koma a tafkin nan, na san ko bukka babu a ƙasansa. Amma na ce a raina, wataƙila bayan gudunmu aka gina. (Kun ga irin kan da Allah ya ba ni.) Ina ta leƙen bayan labule ko zan hango injin.

Da aka ce mai tambaya ya tashi, na riga kowa.

"Malama, ina ake bin layi?"

"Layin me, Baba?"

"Na injin. Mutum biyu na kawo."

Na kwance leda, na ɗaga rigar Modu da hannun dama, hular Bukar da hagu. Zaure ya ɗauki tafi. Wasu har da fito. Mai tabarau yana dariya ya ce, "Kai, Baba ya iya wasa! Malama, ke kika shirya mana wannan?" Wayoyi suka yi sama, ana ɗaukata.

"Wa ke wasa?" na ce. "Wannan ƙanena ne. Wannan ɗan maƙwabciyata ne. A sansana min su in tafi, na bar rumfa ba kowa."

Tafin ya mutu kaɗan-kaɗan, kamar taya mai sacewa. Wata yarinya a gaba ta rufe baki da mayafi. Ni kuwa ina tsaye, hannuwa a sama, kamar mai gwanjo.

Malama Yagana ta sauko daga kan dandamali. Ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta ture abin maganar, ta yi min magana da Barbarci, a hankali.

"Baba, babu injin. Labari ne. Ni na ƙirƙire shi."

"To ƙarya kike sayarwa?"

"Ƙarya ce, Baba. Amma an rubuta a bangon littafin, a rediyo ma ana faɗa kafin a fara."

"Ni ban iya karanta bango ba."

Ta dubi rigar. "Yayata ma ba ta iso ba. Na nema har na gaji. Abin da na kasa samu shi na zauna na rubuta."

Na cusa kayan a leda, na juya da ƙarfi irin na mai zuciya, na buɗe ƙofa na shige. Ɗakin ajiye kujeru ne. Na tsaya cikin duhu ina tunanin ko in zauna nan har a watse. Daga baya na fito, na ratsa zauren tun daga gaba har baya, ba mai tari, takalmina kaɗai ke ƙara.

Ban hau napep ba, da ƙafa na koma don hanya ta yi tsawo. Na shirya ƙarya kala-kala: injin ya lalace, babu wuta, layi ya yi yawa. Na tarar da Ya Fanna a ƙofar gida kan tabarma, ta sa sabon zane. Da na ga zanen sai duk ƙaryar ta gudu.

"Ya Fanna, babu inji. Tatsuniya ce ta 'yan boko. Ni ne jaki."

Ta karɓi hular ta ɗora a cinya, ta daɗe tana shafa ta. Na so ta zage ni, da ya fi min sauƙi.

"A tatsuniyar," ta ce, "ana samun yaran?"

"Wasu."

"Uwayensu na da rai lokacin?"

"Ban tambaya ba."

"Kai dai ba ka da amfani. Ka je har can ba ka tambaya ba." Ta share ido da bakin zane. "Gobe ka kawo rediyon nan gidana. In ji da kunnena."

Yanzu kullum la'asar ina rufe rumfa in je in zauna a ƙofarta, muna jin ƙaryar Malama Yagana tare, Ya Fanna tana zagin duk wanda ya tsaya wa injin a hanya. Yaran layi kuwa har yau in sun ɓatar da silifa sai su ce a kai wa Baba mai faci ya sansana.

Abin da na koya kaɗan ne. In za ka yi wauta, yi da rigarka kai kaɗai. Kada ka karɓi hular ɗan wani.