Ranar Da Goro Ya Riga Ni Zuwa Ɗaurin Aure

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren ɗan ƙanena ba. Ni ne wakilin ango, goro da alawa kuma a hannuna suke.

Lokacin wani kamfani yana gwajin motocin haya marasa direba a Dutse, irin waɗanda ake shiga mutum uku ko huɗu. 'Yata Hajara ta kira mini ɗaya da wayarta, ta sa ta kai ni ƙofar masallacin da za a ɗaura auren. Ta ja mini kunne cewa motar minti biyu take jira. Na ce mata na shekara hamsin ina hawa mota, ba a kaina direba zai fara gaggawa ba (na manta babu shi).

Mota ta tsaya a bakin titinmu na Limawa, ƙofa ta buɗe da kanta. Na yi bisimilla na ɗora huhun goro da alawa a kujera. Sai ga Alhaji Sule, aminin marigayi mahaifina, shi ma ita yake jira. Na durƙusa muka gaisa, muka tambayi iyali da gona da ƙafarsa mai ciwo.

"Baba, bisimilla, shiga."

"A'a Malam, kai ne mai hidima yau, fara shiga."

Na ce Allah ya kiyaye in riga shi. Ya rantse, na rantse. Muna cikin haka ƙofa ta rufe a hankali, mota ta tafi abinta.

Na tattare babbar riga na bi ta da gudu ina kiran, "Direba! Direba!" Masu shago suka fito kallo, wani ya tambaye ni wanne direban.

Dole na hau acaɓa. Da ɗan acaɓan ya sauke ni a masallacin, na tarar mota ta iso tuntuni, ta buɗe ƙofa a gaban jama'a, an sauke goro. Liman ya dube ni, rawanina a warware, ya ce, "Malam, wakilinka ya iso lafiya, sai dai mun tambaye shi ko ya karɓa ya ƙi magana."

An ɗaura aure, alhamdulillahi. Tun daga ranar, in mota ta tsaya nakan fara shiga, sannan in gaida Baba ta taga.