Rumfar Jiran Mota Da Ta Samu Liman

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka buɗe rumfar jiran motar da na zana a wata tasha a Kazaure. Aikina na farko ke nan bayan na gama karatun zanen gine-gine, kuma shugaban direbobin, Alhaji Sabo, ya ce in ta yi kyau ni zan zana ta garin Gwiwa. Ai kuwa na zage damtse.

Na yi mata bango uku, na bar yamma a buɗe tana kallon titi. A bangon gabas na fitar da ɗan lungu mai lanƙwasa don a ajiye randa. Na sa famfo a gefe, na ɗaga daɓen saboda ruwan damina, aka shafe ta da koren fenti. (Kore kawai nake so, kada ku tambaye ni.) Mai walda ne ya yi mini tsiya, bai kawo bencunan ba.

Dab da azahar muka iso da Alhaji, ina ta hura hanci. Me zan gani? Takalma jere a bakin rumfa, ciki an shimfiɗa tabarmi, fasinjoji kuwa suna tsaye a rana. Na ce da Madam Rifkatu, wata 'yar kasuwa da ke jiran motar Roni, "Madam, ki shiga inuwa mana."

Ta ce, "Haba ɗana, ni da buhun barkono zan shiga masallacin mutane?"

Masallaci kuma? Don in nuna musu, na taka ciki ƙwas-ƙwas da takalmina ina ɗaga murya: "Jama'a, wannan wurin zama ne!"

Wani dattijo ya daka mini tsawa: "Kai yaro! Da takalmi? Ina tarbiyyarka?"

Na rusuna na ce, "Baba, rumfar jiran mota ce."

"To wurin limamin nan wa ya yi shi?"

"Ni ne, Baba."

"Yana kallon ina?"

Na dubi lungun, ga shi saitin alƙibla. Na dubi famfo, ga butoci. Wallahi ni kaina sai na fara kokwanton abin da na zana. Ban san sanda na tuɓe takalman na fita da su a hannu sumui-sumui ba. Na waiga ko Alhaji zai cece ni, sai na gan shi yana naɗe hannun riga zai yi alwala. A sahu na biyu na yi azahar, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da aka idar Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya, lada kam ka samu. Amma a Gwiwa inuwa muke nema, suna da masallaci."

Tun daga ranar, ko me zan zana, sai na ga benci ya iso kafin in yarda a shafa fenti.