Yadda Za Ka Sauya Wa Kwamfutar Yayarka Fuska

Kai ka saka wa Yaya manhajar nan ta kyauta a kwamfutarta. Ta saba da ita, tana buga tambayoyin jarrabawar makarantarsu lafiya lau. Irin wannan zaman lafiya bai dace da gwani kamarka ba. Bi matakan nan, na yi maka alkawari kafin rana ta take duk gidan zai san da kai.

1. Zaɓi rana

Ranar da shugaban makaranta ke jiran tambayoyin da ƙarfe goma. Bari ta shiga wanka. Neman izini na 'yan koyo ne.

2. Raina abin da ka tarar

Za ka ga hoton marigayi Baba ya cika allon, fayiloli barbaje a jikinsa: ɗaya a kan hula, ɗaya a aljihu, uku a gemu. Yi tsaki. Kada ka tambayi dalili.

3. Buɗe baƙar tagar umarni

Kwafo umarni daga intanet ka liƙa. Ba sai ka fahimta ba, wanda ya rubuta ma kwafowa ya yi. Kashe, kunna, zaɓi sabuwar fuska. Maɓallai sun koma sama, wani dutsen ƙanƙara ya maye gurbin Baba, fayiloli sun jeru reras a gefe. Ka burge kanka.

4. Kare kanka

Za ta fito ta ce, "Kai, ina Lissafi?"

Ka ce, "Yaya, ba abin da ya ɓata. Faɗi sunan fayil ɗin kawai."

"Wane suna? Lissafi yana kan hular Baba, Kimiyya a aljihunsa!"

A nan za ka gano sunayen: Sabo, Sabo 2, Sabo na gaske, har arba'in da bakwai. Yi mata bayani cewa wannan fuskar ta fi sauri. Tara da rabi ta yi, za ta so jin haka.

5. Mayar da tsohuwar fuska

Baba zai dawo, fayilolin kuwa suna nan a jere. Za ta zauna tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya, waya na ta ƙara, ba ta ɗagawa. In ta ce a hankali, "Shekara uku ina ajiye masa abu a aljihu," babu umarnin da ake kwafowa don wannan. Na duba.

Gargaɗi: Ba ruwana da takardar tuhumar da shugaban makaranta zai ba ta, ko sabuwar kalmar sirrin da ba za a faɗa maka ba. Ni ma wata huɗu ke nan tawa Yayar na wucewa ta ƙofar ɗakina da kwamfutarta, ta kai wa mai gyara a bakin kasuwa.