Rasuwar Kekere, Wuƙar Aljihun Zainulabidin

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da kuma sallamawa ga abin da ya riga ya auku, Malam Zainulabidin, dillalin albasa a Kasuwar Shasha, haifaffen Sabo ta Ibadan, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar tafiyarsa, wuƙar aljihunsa mai naɗewa, wadda aka fi sani da Kekere. Ta rasu ranar Lahadi tsakanin azahar da la'asar, a hannunsa, tana bakin aiki.

Waɗanda suka san marigayiyar sun san ba da garaje aka ɗauko ta ba. Shekarar da Zainulabidin ya gaji da yawon neman aikin ofis ya bi maigidansa, Alhaji Abdulsalam, zuwa Shasha, Alhajin ya tarar da shi yana fama da igiyar buhu da haƙori. Ya ce masa, "Dillali ba wuƙa, malami ne ba alƙalami. Amma ka saurare ni, nan ba Kano ba ne. Ka nemo wadda za ta yanke igiya, ba wadda za ta kai ka bayan kanta ba."

Zainulabidin ya ɗauki maganar da nauyi har ya gunduri masu shagunan unguwar Mokola. Wannan ta yi tsawo, waccan tana rufewa a kan yatsa, wata an zana mata ƙoƙon kan mutum a ƙota kamar kayan 'yan daba. A ƙarshe, a teburin wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da kwaɗo da makullai, ya hango ta a kwance a gefe, ba kwali ba talla. Ƙotarta baƙin itace ne, tsawonta bai kai tafin hannunsa ba. Ba ta buɗewa sai an buɗe ta, in kuwa ta buɗe, ba ta rufewa sai an ce ta rufe. Matan Yarbawa masu sarin albasa ne suka raɗa mata suna Kekere, wato ƙarama, sunan kuma ya bi ta har kabari.

Marigayiyar mai kunya ce, ba ta da yawan magana. A duk zamanta da shi kalma biyu aka sani a bakinta: ƙyas idan ta fito aiki, tak idan ta gama. Tsakanin waɗannan biyun ta yanke igiyar buhunan da ba su ƙirguwa. Ta raba albasa biyu a gaban mai saye don ya ga cikin da idonsa, ta kashe gardamar da rantsuwa ta kasa kashewa. Ta fere lemo, ta datsa rake, ta warware wa uwargida Haulatu ɗinkin da ya karkace. Ba ta taɓa ɗanɗana jinin ɗan'adam ba sai na babban yatsan mai ita, sau ɗaya, shi ma ya amsa cewa laifinsa ne.

Ta kuma san irin garin da take zaune. Wata rana masu shingen hanya suka sauke fasinjojin motar Shasha, suka lalube aljihun kowa. Wanda ya zaro ta ya ɗaga ta sama ya ce, "Aboki, wetin be dis?" Zainulabidin ya amsa masa da Yarabancin da ya tashi da shi, ya ce ta albasa ce. Mutumin ya juya ta, ya auna ta da yatsansa, ya yi dariya, ya fere lemo da ita, ya miƙo masa abarsa. Da wata ce mai tsawo, da a ranar sai an tara dattawan unguwa zuwa beli. A shekarar da kasuwa ta rikice kuwa, lokacin da ko allura aka gani a aljihun Bahaushe sai ta zama magana, ta kwanta ƙarƙashin katifa ba ta ce uffan ba, har ƙura ta lafa.

A damina biyu da suka wuce tsufa ya fara taɓa ta. Gaɓarta ta saki, tsatsa ta kama mata wuya, ƙyas ɗin nan nata ya dusashe. Zainulabidin ya yi ta jinyarta da man keken ɗinkin Haulatu da dutsen washi, tana samun sauƙi tana komawa. Amma ba ciwon ne ajalinta ba.

Gidan da suke haya irin mai ɗakuna suna kallon juna ne, lungu ɗaya a tsakiya, ƙofar fita ɗaya. A bakin lungun Ɗanjuma mai aski, abokin Zainulabidin tun suna makarantar allo, yake ajiye janaretonsa da jarkar fetur. An yi masa magana ba sau ɗaya ba, yana cewa gobe zai ɗauke. Ranar Lahadin nan ya zuba mai inji na aiki, wuta ta kama. Kafin a ce kwabo lungun ya zama tanda.

Zainulabidin yana ɗaki da Haulatu da 'yarsu Rauda, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ya buɗe ƙofa, zafin ya maido shi, ya rufe. Saura taga, ita kuma shi da kansa ya sa aka ɗaure mata ƙarfe saboda ɓarayi, an kafe shi a jikin katako da sukuru masu tsatsa. Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Haulatu ta jiƙa zane ta lulluɓe yarinyar, ta ce, "Baban Rauda, ka yi wani abu!"

Ya sa hannu a aljihu. Ƙyas.

Duk wanda ya san wuƙa ya san ba a kwance sukuru da tsininta. Zainulabidin ya sani, ya taɓa yi wa wani faɗa a kan haka. Ya kafa tsinin ya murɗa. Na farko ya ƙi, ya ƙi, sannan ya juya. Na biyu ya biyo shi. Idonsa na ruwa, Rauda ta daina kuka ta koma tari, abin da ya fi kukan tayar da hankali. A na ƙarshen gefen hagu, wanda tsatsa ta cinye kansa, ya danna da duk ƙarfinsa. Kekere ta yi wata magana da ba a taɓa jin ta yi ba. Ƙwas. Tsinin ya tsaya a cikin katako. Da guntun da ya rage ya ci gaba da haƙar itacen, har ƙarfen ya fara motsi.

Daga waje wasu hannuwa suka kama ƙarfen suna ja. Na gaba a cikinsu na Ɗanjuma ne, fatar damtsensa ta saɓule, yana ja yana kiran sunan Zainu. Ƙarfen ya ɓalle. Aka miƙa Rauda, aka fitar da Haulatu, Zainulabidin ya faɗo a baya. Sai da aka zaunar da shi a gindin masallaci aka ga har yanzu yana riƙe da ita. Ya gwada rufe ta. Ba ta ce tak ba.

Marigayiyar ta bar mai gidanta Zainulabidin, da Haulatu, da Rauda, dukkansu da rai. Ta bar dutsen washi, wanda aka tono cikin toka bai yi komai ba. Ta bar aljihun dama na riguna biyun da suka tsira a kan igiyar shanya, kowanne da ɗan ramin da ta huda. Keken ɗinkin Haulatu da gadonta da kwanukan aurenta sun riga ta tafiya a rana ɗaya, ana haɗa su cikin addu'a.

Tun daga ranar iyalin suna zaune a ɗakin baƙi na gidan mahaifin Haulatu, Alhaji Mika'ilu, tsohon dillalin shanu a Akinyele. A nan ake karɓar gaisuwa, a nan kuma al'amari ya cuɗe, domin masu gaisuwa sun ga ya dace su cike gurbi.

Alhaji Mika'ilu ne ya fara. Ya kira surukinsa zaure a gaban abokan hirarsa, ya ajiye masa wata doguwa mai maɓalli, wadda in an taɓa take tsalle ta buɗe kamar maciji. Ya ce, "Ga wuƙar maza. Da irin wannan ce a aljihunka, da ba ta karye ba." Zainulabidin ya durƙusa ya ce, "Na gode, Baba." A ransa ya san ko shataletalen Mokola ba zai wuce da ita ba a kwana lafiya. Kullum da safe Alhajin yana zaune a ƙofar gida, yana duban aljihunsa, yana tambaya, "Tana nan dai ko?"

Alhaji Abdulsalam ya aiko da tasa, mai baki da yawa: almakashi, zarto, har da wani murɗaɗɗen ƙarfe na buɗe kwalbar da Zainulabidin ba ya sha. Nauyinta na jan riga gefe guda, kafin ka lalubo bakin da kake nema mai saye ya wuce gaba. Shi ma maigida ne, a rumfarsa ake wuni.

Ta ukun ba a gaban kowa aka kawo ta ba. Ɗanjuma ya tare shi bayan sallar la'asar, hannu a naɗe da bandeji, ya cusa masa wani abu cikin leda. Ya ce, "Zainu, ma binu. Ka yi haƙuri. Na san ba ta kai Kekere ba." Bai jira amsa ba ya juya. Ƙarama ce, ƙotar itace, ba ta kai tafin hannu ba. Ashe sai da ya bi teburan Mokola ɗaya bayan ɗaya, da wannan hannun, yana kwatanta marigayiyar. Zainulabidin ya gwada ta a bayan masallaci. Ba ta buɗewa sai an buɗe ta.

Haulatu ta ga ledar ta gane. Ta ce, "Mutumin da ya kusa gasa mini 'ya, shi ne zai zauna a aljihunka? In ta shigo ɗakin nan, Baban Rauda, ni ka san inda nake, gidan ubana ne, kai ne za ka fita." Alhaji Mika'ilu kuwa ya riga ya rantse cewa sai Ɗanjuma ya bar Sabo, kuma yana jiran surukinsa ya je gaban mai unguwa ya ba da shaida.

Saboda haka Zainulabidin ya koma kwance buhu da haƙori. Ta Alhaji Mika'ilu tana ƙarƙashin filo, ta maigida tana cikin akwatin rumfa, ta Ɗanjuma tana wurin ladan ajiya. In ya ɗauki ta farko, titi ba zai bar shi ba. In ya ɗauki ta ƙarshe, gida ba zai bar shi ba. Ya je wurin Malam Nu'uman, limamin masallacinsu, neman mafita. Malam ya saurare shi har ƙarshe ya ce, "Ba wuƙa kake zaɓa ba, kai ma ka sani. Ka fara binne wadda ta mutu tukuna."

Dangane da jana'iza, za a yi ta ranar Juma'a bayan la'asar, a bayan ƙonannen gidan, daidai ƙarƙashin tagar. Malam Nu'uman ya yi bayani cewa ba a yi wa ƙarfe salla, don haka za a tsaya ne kawai a yi godiya ga Allah da ya fitar da mutum uku ta ramin da akuya ma sai ta yi dabara. Za a binne ta ba tsini, domin ya ƙi fita daga katakon. Ana roƙon masu zuwa, don girman Allah, kada kowa ya zo da wuƙa.

Likkafanin farin ƙyalle ne da Haulatu ta bayar, sai dai ya yi yawa, dole a rage shi a bakin kabari. Malam Zainulabidin yana sanar da jama'a cewa da wuƙar Ɗanjuma zai yanka shi, kuma daga nan aljihunsa za ta wuce. Ba zai je gaban mai unguwa ba. Bai samu bakin faɗa wa Alhaji Mika'ilu ba, bai samu na faɗa wa Haulatu ba, wannan sanarwa ita ce faɗar.

Duk wanda ya san da ɗakin haya a Sabo ko Mokola, ko da shago ne, ya tsaya ya gan shi bayan an watse. Yana fata ɗakin ya ɗauki mutum uku. In ta kama na mutum ɗaya ne, shi ma a yi masa magana.