Shayin Da Na Dafa Wa Malam Don Ƙarin Jini

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na ɗauki fulas ɗin shayi na kai wa likita da hannuna ba. Har yau in na tuna sai in ji kamar in naɗe cikin tabarma.

Lokacin muna zaune a Anbariyya, ɗaki ɗaya a saman bene, ni da maigidana Malam da 'yarmu Ummi tana goye. Karatu ya kawo Malam Madina, amma sai ya tsiro da wani abu wai gudun dogon zango. Da an idar da Asuba zai ɗaura takalmin roba ya nufi gonakin dabinon Awali, ba mai korarsa, ba wanda yake kora. (Mu dai a garinmu in ka ga magidanci yana gudu, ba ka tsayawa tambaya, kai ma ka runtuma.) Wai akwai gasar ɗalibai a ƙarshen shekara, kuma shi 'yan Nijeriya suka ɗora wa rai.

Sai mutum ya fara ɗashewa. Leɓe fari, cikin ido fari, in ya hau matakalar benenmu sai ya tsaya a tsakiya yana haki kamar ɗan dako. Likitan unguwa, wani Bamisire, ya auna ya ce jininsa ya yi ƙasa, gudu yana ci, abinci ba ya mayarwa. Ya ba shi ƙwayoyi, ya ce ya riƙa cin hanta da jan nama da ganye da adas, wani ɗan ƙanƙanin wake na Larabawa. In awo na gaba bai nuna canji ba, to ba shi ba gasa.

Abinci ba ya mayarwa! Da wa ake? Da ni mana. Hala Zainabu (Hala shi ne inna da Larabci), tsohuwar da ke ƙasanmu, haifaffiyar Madina amma kakanninta Kanawa, ta tare ni a ƙofa ta ce, "Ya binti, 'yata, miji aka ba ki ko tsinken tsire? Ci da shi mana, haram alaiki!" Ranar ko barcin rana ban yi ba.

Na ɗaura ɗamara. Hanta ba kullum ba, ɗalibi ne, amma adas da alayyahu da mulukiya, wato lalo, ba su yanke a tukunyata ba. Sai kuma na ƙara da dabarar kaina, wadda ba wanda ya aike ni. A gida na taso ina jin ja ke ƙara ja. Ga shi mutanen Madina ba sa tashi daga kan abinci sai da jan shayi. Na ce shi ke nan, ga magani a ƙofar ɗaki. Na riƙa zuba ganyen shayin da hannu, in bar shi a wuta har ya koma kamar ruwan rini, in jefa na'ana'a don kunya. Da ya sauke loma ta ƙarshe, kofi kan kofi. Ƙwayar ma da shi nake ba shi ya haɗiye.

"Maman Ummi, wannan ai ya fi maɗaci ɗaci."

"Sha, Malam. Ka taɓa jin magani mai daɗi?"

Ya sha, bawan Allah. Ni kuwa har na fara koya wa matan ɗalibai in mun haɗu, ina karkaɗa yatsa kamar na san abin da nake faɗa.

Ranar awo ta faɗo daidai da rigakafin Ummi, sai muka tafi tare, Hala ta biyo mu don ni Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba. Jini bai motsa ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Likita ya ce a kira mai girkin. Na shiga da fulas a hammata, na lissafa masa abinci, Hala tana fassarawa, yana gyaɗa kai yana "Kwayyis, kwayyis," wato da kyau. Kaina ya kumbura. Na ce, "Hala, gaya masa akwai sirrin da ban faɗa ba." Na tsiyaya masa a murfin fulas.

Ya ɗaga ya duba a haske. Ya tambaya ko da wannan ake shan ƙwayar. Wannan kam na gane, ban jira Hala ba, na ce "Na'am!" da ƙarfi har matan da ke layi bayan labule suka yi tsit.

Likita ya dafe kai da hannu biyu, ya yi magana mai tsawo. Hala kuwa ba ta iya fassara a hankali ba. "Ya ce shayinki ɗan fashi ne! Duk abin da adas da ƙwaya suka kawo, shi ke tare shi a ciki ya hana shi shiga jini. Ya ce lemo ko lemun tsami ake haɗawa da abinci, shayi sai an daɗe da ci. Ya kuma ce yaron nan yana da haƙurin waliyyai." Ta ɗan tsaya. "A'a, wannan ni na faɗa."

Bayan labule aka kwashe da dariya, cikinsu har da wata da na koya wa dabarar. Malam ya ƙura wa fanka ido kamar yau ya fara ganinta. Ni kuma na tsaya ina kokawa da murfin fulas, ya ƙi rufuwa.

Gasar shekarar nan a gefen fili ya kalle ta, yana riƙe wa abokansa ruwa. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wallahi da ya yi da ya fi mini sauƙi. Na koma matsa lemun tsami a kan adas, na ɓoye butar shayi sai bayan La'asar. Leɓensa ya dawo ja. Da shekara ta zagayo ya yi gudunsa, bai zo na ɗaya ba, amma ya ƙarasa da ƙafarsa.

Abin da na koya shi ne, in likita ya faɗi nasa, kada ki ƙara da naki. In kuma kin ƙara, ki bar fulas ɗin a gida. Sunan Duktura, wato likita, da matan Anbariyya suka liƙa mini bai goge ba. Malam ma har gobe in ya gama cin abinci sai ya kalli buta, ya kalle ni, ya ce, "Duktura, an ba da izini?"