Ƙusar da na sa a madadin fiyus

Ni ne da laifi, kuma ba zan taɓa mantawa ba da yadda na jawo wa Usman, ƙanin matata, abin da bai ci ba bai sha ba.

A ƙauyenmu da ke kusa da garin Suki, ni ake kira in kahraba, wato wutar lantarki, ta lalace, ba don na koya ba, sai don ba na jin tsoronta. Da hannuna na ja wayoyin gidana. Fiyus ya yi ta ƙonewa har na gaji, na cire shi na cusa ƙusa a gurbinsa. Ƙusa ba ta ƙonewa (a lokacin gani nake wannan basira ce).

Sai ofishin kahraba ya fara turo masu duba gidaje lokaci-lokaci. Aka ce tsohon tsari ya wuce, yanzu maɓalli ake so wanda ke yanke wuta da kansa in kaya sun yi yawa, amma mai fiyus na gaskiya za a ɗaga masa ƙafa. A layinmu fiyus ɗaya muke da shi mai kyau. In mai dubawa ya shigo, sai a riƙa miƙa shi ta kan katanga, gida zuwa gida, yana riga shi isa. Ni na ƙirƙiro dabarar, har alfahari nake da ita.

Wanda aka turo mana Usman ne. Ya buɗe akwatin, ya ga fiyus, ya daɗe yana kallon baƙin ƙunar da ke jikin bango. Ya roƙe ni in sa sabon maɓallin kafin bikin 'yata Safiya, na rantse masa zan sa.

"Yaya, don maganarka zan sa hannu, ba don abin da na gani ba," in ji shi.

Yana fita na mayar da ƙusata.

Ranar biki da azahar aka jona komai a gidana: fankoki, firizar maƙwabta, lasifikar masu kiɗa. Usman ya gayyato mudirinsu, shugaban ofishin, na zaunar da su a gaba ina ta washe baki. Ana cikin cin abinci wayar da ta ratsa rakuba, rumfar karan da mata ke girki, ta kama wuta. Allah ya tsare, ba wanda ya ƙone, amma rumfar ta tafi. Mudir da kansa ya je ya kashe kahraba daga mita, ya buɗe akwatin, ya zaro ƙusar da filaya, ya ɗaga ta gaban surukaina da dukan baƙi. Bai dube ni ba. Ya tambayi wa ya duba gidan nan. Usman ya miƙe tsaye. Ni kuwa, mai baki a layinmu, na sunkuyar da kai ina gyara rawani.

An dakatar da shi daga aiki, daga baya aka mayar da shi gadin sito a garin Rusairis, nesa da iyalinsa. Matata ba ta yi mini faɗa ba, ta dai daina ambaton sunansa a gabana. Na sa maɓallin bayan biki, yana aiki lafiya, ya koya mini cewa abin da na ƙi yi don rantsuwa na iya yinsa don kunya.

Sai da damina ta wuce na iya shiga mota na same shi. Ya kawo mini shayi, ya tambayi Safiya. Na ce masa:

"Usman, na yi maka ƙarya, na rantse a kanta, kuma ranar da ka miƙe na zauna. Na je ofishinku na faɗi gaskiya, sun ce an riga an rufe magana. Ba ni da abin da zan mayar maka. Ka yafe mini."